Yadda Aka Koya wa Kwamfuta Neman Manhajarta ta Waya

Kwamfutar da aka ciro daga kwali babu babbar manhaja a cikinta ba ta da wani amfani, sai dai ta yi ƙara ta nuna baƙin allo. Babbar manhaja, wato irin su Windows, macOS da Linux, ita ce ke haɗa allo da maɓallai da faifan ajiya su zama abin aiki, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama. Girka ta a kan kwamfuta ɗaya aiki ne da mai gyara zai gama kafin azahar. Girka ta a kan kwamfutoci dubu uku na banki, ko na jami'a, ko na ma'aikata mai rassa a garuruwa da yawa, wannan kuma sana'a ce mai zaman kanta, wadda tarihinta ya haura shekara 40. Duk wanda ya taɓa shiga zauren jarrabawar JAMB tun da hukumar ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ya ga sahu-sahun na'urori waɗanda dole kowace ta zama daidai da 'yar'uwarta, to ya riga ya ga matsalar da idonsa.

Abin da ya sha wa injiniyoyi kai tun farko shi ne wannan: na'urar da babu komai a cikinta ba ta san sunanta ba, ba ta san adireshinta ba, ba ta kuma san wa ke tare da ita a kan waya ba. To ta ina za ta fara neman abin da take bukata? Amsar da suka samo tana aiki har yau, amma an gina ta ne bisa wani sharaɗi da aka daɗe ba a taɓa shi ba, wato na'urar tana yarda da duk wanda ya riga amsa mata.

Labarin ya faro ne daga Kalifoniya ta Amurka. A cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto aka ƙirƙiro Ethernet a 1973, hanyar haɗa kwamfutocin gini ɗaya da kebul, kuma kwamfutar Alto da aka ƙera a can tana iya tashi ta wannan kebul ɗin. Sai dai abin da ya sa lamarin ya zama dole shi ne tsadar faifan ajiya. Kamfanin Sun Microsystems, wanda aka kafa a 1982, ya riƙa sayar wa jami'o'i kwamfutoci marasa faifai sam. Ana sayen babbar na'ura guda mai faifai, wadda ake kira uwar garke, sauran kuma su ɗebo komai daga wurinta duk lokacin da aka kunna su.

Kafin hakan ya yiwu sai da aka yi yarjejeniya kan ƙa'idoji, waɗanda masana intanet ke wallafawa a takardu masu lamba da suke kira RFC. A 1981 Karen Sollins ta jami'ar MIT ta wallafa ƙa'idar TFTP a takarda mai lamba 783. Tsarinta ba shi da wani ƙawa. Tana yanka fayil ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bayit 512, ta aika ɗaya, ta jira a ce ya iso, sannan ta aika na gaba. Idan ƙunshi ya zo bai cika 512 ba, an kai ƙarshen fayil ke nan. Ba ta tambayar suna, ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta ma iya nuna wa mutum jerin fayilolin da ke akwai. Da gangan aka yi ta haka, domin ta shiga cikin 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake iya dasawa a jikin na'ura a wancan zamani.

Saura adireshi. Kowane katin sadarwa yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta kansa, mai bayit shida, wadda ba a son ta yi daidai da ta wani. A 1984 wasu masu bincike huɗu a jami'ar Stanford suka fitar da ƙa'idar RARP: na'ura ta yi shela da wannan lamba, uwar garke ta duba littafinta ta gaya mata adireshinta. Iyakar abin da take bayarwa ke nan, kuma shelar ba ta tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa sassan sadarwa, zuwa wani sashen ginin. A watan Satumba na 1985 Bill Croft na Stanford da John Gilmore na Sun suka kawo BOOTP a takarda mai lamba 951, wadda ta magance duka biyun. Yanzu amsa ɗaya ta ƙunshi adireshin na'ura, adireshin uwar garke, da sunan fayil ɗin da za ta ɗauko ta TFTP, kuma ana iya miƙa saƙon daga wannan sashe zuwa wancan. Abin da ya rage na wahala shi ne littafin. Dole wani ya zauna ya rubuta lambar kowane kati da hannu, ya haɗa ta da adireshi. Wannan ne Ralph Droms na jami'ar Bucknell da ke jihar Pennsylvania ya jagoranci kawarwa da ƙa'idar DHCP a watan Oktoba na 1993, aka sake tace ta a 1997. DHCP tana ba na'ura aron adireshi na wani ƙayyadadden lokaci, idan wa'adi ya cika ta sabunta ko a ba wa wata. Duk wayar hannun da ta kama Wi-Fi yau ta wannan hanya take samun adireshinta, kuma har yanzu ta ƙofofi masu lamba 67 da 68 da BOOTP ta buɗe ake maganar.

Bai kamata a zargi waɗannan mutane da sakaci ba. A lokacinsu kebul ɗin yana cikin ginin jami'a ne, masu amfani da shi sun san juna, kuma na'urar da za ta iya amsa irin wannan shela tana da tsadar da ba kowa ke mallakarta ba. Yarda da amsar farko ba wauta ba ce a irin wannan wuri. Wurin ne ya canza, ƙa'idojin kuwa suka zauna yadda suke.

A ofisoshi labarin daban ne. Kwamfutar tebur irin ta IBM, wadda ta fito a 1981, ta zo ne da aƙidar kowa tasa ta fisshe shi: kowace da faifanta, kowace da manhajarta. Da suka yawaita a shekarun 1990 sai ma'aikatan kwamfuta suka koma 'yan yawo daga tebur zuwa tebur. Windows 95, wadda ta fito ranar 24 ga Agusta 1995, ana samun ta a faifan filofi 13. Ma'aikaci zai zura na farko, ya jira, allo ya nemi na biyu, ya zare ya zura, yana amsa tambayoyi iri ɗaya kan harshe da agogo da sunan na'ura. Idan faifai na tara ya ƙi karantuwa, aiki ya tsaya. Bayan an gama wannan kuma ga manhajar rubutu, ga ta lissafi, ga ta firinta, sannan a matsa tebur na gaba. An samu sauƙi da aka fara ajiye fayilolin girkawa a uwar garke, tare da wani ɗan fayil mai ɗauke da amsoshin tambayoyin, amma duk da haka sai an je an tayar da na'urar da filofi mai ɗauke da direban katin sadarwarta, wato 'yar manhajar da ke sa katin aiki. Kowane irin kati kuma da nasa direban, shi ya sa aljihun tebur ɗin ma'aikaci kan cika da filofi masu rubutun biro.

Wasu sun bi ta wata hanya. Katunan sadarwa na lokacin suna da wani gurbi da aka bari fanko, inda ake iya dasa 'yar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da umarnin tashi ta waya. Makarantu da ofisoshin da ke amfani da manhajar sadarwa ta Novell NetWare sun yi amfani da wannan sosai, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 aikin sa-kai na Etherboot ya ba masu Linux damar rubuta tasu ƙwaƙwalwar su dasa. Aiki ne na masu haƙuri, domin sai an buɗe kowace kwamfuta.

Wanda ya sauya sana'ar gaba ɗaya daga New Zealand ya fito. A 1995 Murray Haszard, a kamfaninsa na Binary Research da ke Auckland, ya samar da manhajar Ghost. Dabararta ita ce a daina girkawa, a koma kwafa. A shirya kwamfuta guda tsaf, a sa mata duk abin da ake so, sannan a ɗauki hoton faifanta gaba ɗaya a zuba shi a sauran. Ba da jimawa ba aka ƙara mata dabarar aika hoton sau ɗaya kawai a kan waya, kwamfutoci talatin ko hamsin su karɓa a lokaci guda, maimakon kowace ta ja nata. Ɗakin kwamfutar makaranta da a da yakan cinye hutun mako sai ya koma aikin yamma ɗaya. Kamfanin Symantec ya sayi Ghost a 1998, kuma shekaru da yawa bayan nan sunanta ne ke bakin masu gyara idan ana maganar kwafar faifai.

Kwafa ta zo da nata ciwon kai. Hoton da aka ɗauka daga kwamfuta iri kaza yana ɗauke da direbobin kayan cikinta. A zuba shi a wata mai kayan ciki daban, sai ta tashi ta tsaya a shuɗin allo. Don haka manyan ma'aikatu suka tara hotuna barkatai, kowane samfurin kwamfuta da nasa, kuma duk gyaran da aka yi wa ɗaya sai an bi sauran. Ga kuma batun shaida: kwamfutocin da aka kwafa suna fitowa da suna ɗaya da lambar tsaro ɗaya. Microsoft ta fitar da Sysprep domin ta share waɗannan kafin a ɗauki hoto. Wani abin lura a nan shi ne Mark Russinovich, wanda ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna NewSID don sauya wannan lambar tsaro, da kansa ya janye ta a 2009, yana mai bayanin cewa da ya zurfafa bincike bai ga illar da ake ta tsoro daga maimaituwar lambar ba. Fiye da shekara goma ana bin al'adar ba tare da an gwada tushenta ba, kodayake Sysprep tana share wasu abubuwan da lallai sai an share.

A tsakiyar shekarun 1990 ne kuma manyan kamfanoni suka fara lissafin abin da kwamfuta ke ci bayan an saye ta, suka ga kuɗin kula da ita ya fi kuɗin sayenta nesa ba kusa ba. Larry Ellison na Oracle ya riƙe wannan hujja yana tallar kwamfuta maras faifai wadda komai nata ke uwar garke. Intel da Microsoft, waɗanda cinikinsu ya dogara ga kwamfutar tebur, ba su zauna ba. Daga shirin Intel na sauƙaƙa kula da kwamfutoci ta waya ne PXE ta fito, kuma sigarta ta 2.1, wadda aka wallafa a watan Satumba na 1999, ita ce ta zauna daram. PXE ba ta ƙirƙiro wani sabon abu ba. Ta ɗauki DHCP ta haɗa da TFTP, ta ce kowane mai ƙera kati ya dasa su a ciki tun daga masana'anta, bisa tsari ɗaya. Filofin direba da gurbin da ake dasa ƙwaƙwalwa duk suka zama tarihi.

Ga abin da ke faruwa a cikin 'yan daƙiƙoƙin. Ma'aikaci ya kunna kwamfuta ya danna maɓallin tashi ta waya, wanda a yawancin na'urori F12 ne. A baƙin allo sai lambar katin ta bayyana, tare da wata 'yar alama mai juyawa. A lokacin nan katin yana shela ne ga duk wanda ke kan kebul, yana neman adireshi, yana kuma sanar da cewa shi mai iya tashi ta PXE ne. Uwar garke ta amsa da adireshi da sunan fayil. Katin ya ɗauko wannan ɗan fayil ta TFTP, ya ɗora shi a ƙwaƙwalwa, ya miƙa masa ragamar na'urar baki ɗaya. Shi kuma ya jawo wata ƙaramar manhaja ta wucin gadi, wadda za ta raba faifai, ta goge shi, ta zuba babbar manhaja. A duk wannan tafiya babu inda katin ya tambayi uwar garken ko ita wace ce. Aka kuma haɗa wannan da wata dabara da AMD da HP suka fitar a tsakiyar shekarun 1990, ta tayar da kwamfutar da ke kashe: a aika mata ƙunshi mai ɗauke da lambar katinta an maimaita sau 16, sai ta kunna kanta. Daga nan mutum ɗaya yana iya zama a ofishinsa da tsakar dare ya tayar da bene guda na kwamfutoci, ya sabunta su kafin ma'aikata su iso da safe.

Kowane ɓangare ya gina nasa a kai. A watan Janairu na 1999 Steve Jobs ya nuna NetBoot a taron Macworld, inda aka turo tarin kwamfutocin iMac kan dandamali duk suna tashi daga uwar garke ɗaya. Microsoft ta sa nata tsarin, RIS, a cikin Windows 2000 Server. A ɓangaren Linux, Red Hat tana da Kickstart, fayil ɗin rubutu guda wanda ke faɗin yadda za a raba faifai da manhajojin da za a sa, kuma PXELINUX ta H. Peter Anvin ta zama ƙofar da kusan kowa ke bi. A 1999 Thomas Lange na jami'ar Cologne a Jamus ya fara FAI don girka Debian, wani nau'in Linux, ba tare da hannun mutum ba, a shekarar kuma Jim McQuillan ya fara LTSP, wadda ta ba makarantu masu ƙaramin ƙarfi damar mayar da tsofaffin kwamfutoci su zama tagogi kawai, aikin yana gudana a uwar garke. Daga baya Clonezilla, daga wata cibiyar gwamnati a Taiwan, da kuma FOG, suka kawo irin aikin Ghost kyauta.

Birnin Munich na Jamus ne ya gwada wannan fasaha a babban mataki, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon shekarun 2000 Microsoft tana shirin daina tallafa wa Windows NT 4.0, wadda kwamfutocin hukumar birnin, kimanin 14,000, ke amfani da ita. A watan Mayu na 2003 majalisar birnin ta zaɓi komawa Linux, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya zo da kansa ya gana da magajin gari Christian Ude. Aka sa wa aikin suna LiMux. An fara raba manhajar a 2006, ta waya, da taimakon FAI, amma ba a ayyana kammala aikin ba sai ƙarshen 2013, lokacin da fiye da kwamfutoci 14,000 suka koma. Shekara goma ke nan daga ƙuri'a zuwa kammalawa, alhali zuba manhaja a kwamfuta ɗaya ba ya kai awa guda. Abin da ya ci lokacin shi ne abin da aka tarar a ƙasa. Sassan hukumar kowane yana da nasa ma'aikatan kwamfuta da nasa tsari, ga ɗimbin samfuran takardu da ƙananan umarnin da ma'aikata suka rubuta wa kansu a Microsoft Office tsawon shekaru, ga manhajoji na musamman da ba sa aiki sai a Windows. Sai da birnin ya rubuta manhajarsa ta kansa, WollMux, don haɗa kan samfuran takardun. A watan Nuwamba na 2017, ƙarƙashin sabon magajin gari Dieter Reiter, majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana gardama kan ko matsalar ta fasaha ce ko ta siyasa. A ganina abin da babu gardama a kansa shi ne wayar ta yi aikinta. Abin da ba ta iya kaiwa ba shi ne yardar ma'aikacin da aka sauya wa kayan aiki, da haɗin kan sassan da ba su saba aiki tare ba.

A ɓangaren Windows, babban gyara ya zo tare da Vista, wadda ta isa kasuwa a farkon 2007. Aka sauya fasalin hoton zuwa WIM, wanda ke adana fayiloli ɗaya-ɗaya maimakon kwafar faifai yadda yake. Fayil ɗin da ya maimaitu sau ɗaya ake ajiye shi, ana iya buɗe hoton a ƙara masa direba ko gyara ba tare da an tayar da shi ba, kuma hoto guda yana iya hawa samfuran kwamfuta daban-daban. WDS ta gaji RIS, kuma a Windows Server 2008 ta samu damar aika hoto ga na'urori da yawa a lokaci guda. Manyan ma'aikatu suka rungumi tsarin SCCM na Microsoft, inda ake rubuta jerin matakai, a zaɓi rukunin kwamfutocin da za a aika wa, a danna. Da waɗannan kayan aiki aka kwashe miliyoyin kwamfutoci daga Windows XP zuwa Windows 7 kafin a daina tallafa wa XP ranar 8 ga Afrilu 2014.

Wata guda bayan nan, a watan Mayu na 2014, jami'ar Emory da ke Atlanta ta sanar da abin da kowane mai wannan sana'a ke tsoro. Jerin matakan girka Windows 7, wanda matakinsa na farko shi ne raba faifai da goge shi, an aika shi bisa kuskure ga dukkan kwamfutocin Windows da tsarin SCCM na jami'ar ke kula da su, na tebur da na hannu, har da uwayen garke. Da aka farga aka garzaya a kashe uwar garken da ke raba umarnin, sai aka tarar ita ma ta bi umarnin ta goge kanta. Babu ɓarawo, babu ƙwayar cuta. Kowace na'ura ta yi abin da aka gina ta ta yi. Wuƙar da ke fiɗa da sauri ita ce ke yankan hannu da sauri, kuma tun daga irin waɗannan darussa ƙwararru suka ƙara matsa wa kansu da sharuɗɗa: a gwada a rukuni ƙarami tukuna, a sa kalmar sirri kafin tashi ta waya, kada a tilasta goge faifai ba tare da wani ya tabbatar ba.

Kuskure ɗaya ne daga cikin haɗarin, mugunta ce ɗayan. Wanda ya samu damar jona na'urarsa a kebul ɗin ofis, ya riga uwar garke ta gaskiya amsa shela, zai iya miƙa wa kwamfuta duk abin da ya ga dama ta tashi da shi. Gyaran wannan ya zo a makare, kuma a hankali. Da UEFI ta maye gurbin tsohon BIOS, wato manhajar da ke dashe a jikin na'ura wadda ke tayar da ita, aka shigo da Secure Boot tare da Windows 8 a 2012, wanda ke sa na'ura ta duba sa hannun fayil kafin ta miƙa masa ragama. Shekara 27 ke nan bayan BOOTP kafin kwamfutar talakawa ta fara tambayar shaida. A 2015 sigar UEFI ta 2.5 ta ba da damar tashi ta HTTP maimakon TFTP, abin da iPXE, magajiyar Etherboot, ta riga ta saba yi. Ko da hakan, a watan Janairu na 2024 masu bincike na kamfanin Quarkslab a Faransa sun bayyana ɓaraka tara a sashen sadarwa na EDK II, tushen da masu ƙera kwamfuta da yawa ke gina UEFI ɗinsu a kai, suka sa musu suna PixieFail.

Kafin a gama ɗinke wannan, kasuwar kanta ta juya. Kwamfutar hannu ta rinjayi ta tebur, da yawa ma ba su da ramin jona kebul. Apple ta kawo hanyar farfaɗo da Mac kai tsaye daga intanet a 2011, daga baya kuma sababbin na'urorinta suka daina karɓar NetBoot. A 2017 Microsoft ta fito da Windows Autopilot, wanda ya kifar da tsarin gaba ɗaya: ba a goge Windows ɗin da ta zo daga masana'anta, sai dai a yi rajistar shaidar na'urar da sunan ma'aikata tun kafin ta iso. Ma'aikaci ya buɗe kwali a gidansa, ya jona Wi-Fi, ya shigar da sunansa, na'urar ta tambayi Microsoft ko ta wace ma'aikata ce, sannan ta jawo manhajoji da dokokin wurin aikinsa. Annobar korona a 2020, da ta kulle ofisoshi, ta sa wannan hanya ta zama dole ga kamfanoni da yawa, kuma da Windows 11 ta fito a 2021 Microsoft ta fara rage rawar da WDS ke takawa. An samu tsaro da sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma uwar garken da a da take ɗakin ƙasa na ma'aikata, mabuɗinta a hannun ma'aikacinta, yanzu tana hannun kamfani a wata nahiya, ana biyan kuɗin hayarta duk wata. Kuma tsarin ya ɗauka cewa akwai intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Inda babu waɗannan, makaranta ko cibiyar jarrabawa ta fi samun biyan bukata da uwar garke ɗaya a kusurwar ɗaki da kebul mai kyau, kuma wannan ne ya sa nake ganin bai kamata masu koyon sana'ar su yi watsi da tsohuwar hanya ba.

Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani gyara mai lahani ta intanet. Bisa ƙiyasin Microsoft, na'urorin Windows miliyan 8.5 ne suka faɗa shuɗin allo, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Maganin bai wuce goge fayil guda ba, amma na'urar da ba ta iya tashi ba ta iya karɓar umarni daga nesa, don haka duk sababbin kayan kula da kwamfuta ta intanet ba su yi amfani ba. Sai da ma'aikata suka bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, kuma inda aka kulle faifai da BitLocker sai an nemo mabuɗinsa mai lamba 48 an buga da hannu. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ta fitar da kayan farfaɗowa, da farko na sawa a filash, sannan ta ƙara wanda ake turawa ta PXE, domin wuraren da aka toshe ramukan filash saboda tsaro ko kuma na'urorin suka yi yawan da ba za a iya zagaye su da filash ba.